Lakar da ke Cikin Motar Abba

"Sa yatsanki ki taɓa. Ba ya cizo."

"Baba, fararen kaya ne a jikina."

"To ɗage hannun rigar. Ke da kike wuni cikin jinin mutane, wannan ne zai ba ki ƙyama?"

Auta ta ɗage hannun rigar aikinta, ta sunkuya a kan injin motar mahaifinta. Baba Sifana, bakaniken da yake yi musu gyara tun tana goye, ya riga ya cire murfin saman injin ya jingine shi a jikin taya. Abin da ta gani a ciki bai yi kama da ƙarfe ba sam. Wani baƙin abu ne ya lulluɓe komai, mai kauri, mai sheƙi, ya cike kowane lungu kamar kwaltar da aka zuba ta huce. Ta dangwala. Yatsan ya nutse, da ta zaro shi kuma abin ya biyo shi yana yauƙi, yana warin ƙonanniyar tukunya.

Ita fa ba wannan ya kawo ta ba. Umma ce ta ce in ta tashi daga asibiti ta biya gareji ta kwaso tarkacen da ke aljihun gaban motar, tabarau ɗin Abba da tsohuwar laimarsa, tunda gobe motar za ta koma hannun sabon mai ita.

Baba Sifana ya miƙa mata tsumma. Ya ce wannan baƙin mai ne, ko kuma a ce a da can baƙin mai ne. Aikinsa ya riƙa gudu ta wasu siraran hanyoyi yana jiƙa ƙarafa don kada su cinye juna. In ya tsufa ba a juye shi ba, ya sha gumi ya sha hayaƙi, sai ya kwanta ya zama laka. Auta ba ta buƙaci dogon bayani ba. A ɗakin gwajin da take aiki ta sha ganin yadda jini ke yi in an manta shi a kwalba.

Ta tambaye shi yaushe rabon motar da juye.

"Tun Abbanku na da rai. Da hannuna na yi mata na ƙarshe." Ya kalle ta ta ƙasan ido. "Har yanzu Umma na tayar da ita da safe?"

Har yanzu. Umma ba ta iya tuƙi ba, abu ɗaya ta koya a rayuwarta game da mota, murɗa makulli. Tun da Abba ya rasu, kowace safiya in ta ɗora ruwan shayi sai ta fito, ta yaye tamfol, ta zauna a kujerar direba ƙafa ɗaya a waje, ta tayar da motar. Sai ta yi shiru tana saurare har ruwan ya tafasa, sannan ta kashe. Takan ce Abba ne ya ce motar da ba a tayarwa mutuwa take yi. Babu wanda ya yarda wannan ne dalilin, babu kuma wanda ya taɓa musa mata. Da wannan gurnanin Abba ke fita aiki, da shi yake dawowa, kuma duk gidan sun san abin da Umma ke saurare.

Baba Sifana ya ce ai wannan tayarwar ce ta fi komai cutar injin. Ba ya zafin da zai busar da gumin cikinsa, sai dai ya ɗumama ya huce, kullum ruwa na taruwa a man. Shi kuwa Yayansu, wanda aka ɗora wa kula da motar, in ya duba ya ga man ya ragu sai ya ƙara sabo a kan tsoho. Cewa yake motar da ba ta zuwa ko'ina me za a juye mata.

Ta tambaya ko tana gyaruwa. Ya ce hanya biyu ce. Ta gaskiya, a kwance kwanon man da ke ƙasa, a kankare lakar da hannu, a wanke rariyar famfon da ke tura man, a bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi ta juye a kai a kai har ta washe. Aiki ne mai cin lokaci, kuma in aka buɗe ana iya tarar da ƙarafan sun riga sun ci juna. Ɗaya hanyar kuwa, a ɗura kananzir, a tayar, a tsiyaye, a cika da mai mai kauri. Injin zai yi luf, ya yi ta gurnani mai daɗin ji. Amma lakar da kananzir ya ɓamɓaro tana nan tana yawo a ƙasa, ranar da aka hau babban titi aka taka wuta, za ta taru ta toshe rariyar, injin ya buga a tsakiyar hanya.

"Yayanki ta biyun ya ce a yi. Ya kuma ce in cire kwan jar fitilar nan ta mai, wai tana yawan kawowa." Ya ci gaba da goge sifana. "Wa zai saya ne ma? Ya ce min wani yaro ne."

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Mai Hoto ne."

Hannunsa ya tsaya. "Naki Mai Hoton? Wanda aka sa muku rana?"

Ta ɗaga kai. Tsohon ya yi salati a hankali, ya ajiye sifanar a kan batir. Ya ce to fitila kam ba zai taɓa ba, ko da me Yayan zai zo. Amma maganar kananzir, mota ta mai ita ce. In ya ƙi, rumfar gaba za a tura ta, su kuwa yaran can ko tsiyayewa ba sa tsayawa su yi da kyau. Auta ta tsaya tana kallonsa. Wato da baƙo ne da tuni ya cire kwan, ya wanke hannu ya tafi cin abinci. Wannan mutumin da ke saya mata alewa tana ƙarama. Ta kwashi tabarau da laimar, ta fita ko sallama ba ta yi masa ba.

Shagon Yaya na katifu da labule ne, a bakin babbar hanya. Ta same shi a kishingiɗe kan wata katifa mai leda yana waya. Da ya ga fuskarta sai ya katse wayar, ya ce lafiya, Likita, wa ya mutu. Ta ɗaga masa yatsan, baƙin ya shige ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Ta zayyana masa duk abin da ta gani da abin da ta ji, shi kuwa yana saurare yana kaɗa ƙafa kamar mai jin labarin maƙwabta.

Ya ce da farko dai Baba Sifana ya tsufa, bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya ce a nuna masa tsohuwar motar da ba ta da ciwo a duniya. Ya ce shi bai yi wa kowa ƙarya ba, ranar da yaron ya zo gani har cewa ya yi ya buɗe gaban ya duba, yaron da bakinsa ya ce haba Yaya, wane ni. Da ta kawo maganar fitila sai ya yi dariya, ya ce fitilar nan gulma ce ta yi mata yawa, tana tsorata mutum ba gaira ba dalili.

"Ka san ba zai iya buɗewa a gabanka ba," in ji ta. "Mutumin da ke tsugunawa ya gaishe ka ko a waya ne. Ka san ko taya uku gare ta cewa zai yi ya gode. Shi ya sa ka zaɓe shi."

Nan murmushin ya bar fuskarsa. Ya tashi zaune. Ya ce ba shi ya zaɓa ba, ta sani. Shekara da shekaru yana fama da Umma a sayar da motar nan tana ƙi, dillalai sun zo sun gaji. Sai da ta ji Mai Hoto na neman mota sannan ta ce in shi ne ta yarda, don motar ba ta bar gida ba. Ya nuna mata can ƙuryar shagon, inda aka jingine wata doguwar katifa da ƙunshin labule masu ruwan zuma, ya ce waɗancan nata ne, ga gado da kujeru can wurin kafinta suna jiran a sallame shi. Tana zaton daga sama za su faɗo? Abin da yaron ya bayar ɗakinsa zai koma. In ma motar ta yi ciwo nan gaba, ai ɗan gida ne, a taru a gyara.

Ta ce in ta yi ciwon a tsakiyar titi, tirela na biye da shi fa?

Ya ce bakinta ya sari ɗanyen kashi, kullum mugun fata. Sannan ya rage murya, ya faɗi abin da ya ajiye don ƙarshe.

"To je ki faɗa. Amma ki fara da Umma. Ki zaunar da ita ki ce mata, tayarwar da kike yi kowace safiya ita ta ruɓar da motar mijinki. In kin iya kallon idonta kin faɗa, ni ma zan iya kallon na yaronki."

Auta ta fito daga shagon kunnuwanta na zafi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ya san inda zai taɓa ta, kuma ya taɓa daidai. Ta bi gefen titi a ƙafa, masu haya na yi mata hon ba ta ji. Tun tana yarinya take tunanin in ta tashi yin so, irin wanda ake tsayawa a kai za ta yi, ko duniya za ta taru. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa duniyar da za ta tarun Yayanta ne a kan katifa da Ummanta a kujerar direba ba.

Shagon Mai Hoto ɗaki ne ɗaya a saman bene, da shuɗin labule a bango, da fitilu biyu masu laima, da kujerar roba da yara suka lauye wa ƙafa. A asibiti suka haɗu. Ya zo ba wa abokinsa jini, yana cika baki, yana ganin allura ya sulale ƙasa. Ita ta yayyafa masa ruwa, tun daga ranar yake kiranta Mai Allura. Ta same shi a gaban kwamfuta yana gyara hoton wata mata, yana share mata ƙuraje daga goshi. Takalmansa na bakin ƙofa sun yi futu-futu da ƙura. Ya sayar da babur ɗinsa don ya haɗa kuɗin motar, kwanakin nan a ƙafa yake yawo da jakar kyamara a kafaɗa.

Ya yi murna da ganinta, ya jawo mata kujerar da ta fi lafiya, ya ce ta zauna a hankali kada ta ɓata masa haske. Ba ta zauna ba. A tsaye ta faɗa masa komai, lakar, kananzir ɗin, fitilar. Tana faɗa tana kallon fuskarsa, tana jiran ta ga ran maza ya ɓaci, ya miƙe ya nemi takalmi. Har ta shirya yadda za ta riƙe shi ta ce ya bi a hankali, Yaya ne.

Bai miƙe ba. Ya sosa ƙeya, ya ce ai ya ji. Ranar da ya je gani, da aka tayar, ya ji wani ƙas-ƙas a ciki kamar ana taunar tsakuwa, ya kuma ga jar fitilar ta daɗe kafin ta mutu. Shekarunsa nawa yana hawan babur, ya san ƙarar inji mai ƙishin mai.

"Ka ji, ka yi shiru?"

"Me zan ce, Mai Allura? Umma na tsaye tana shafa motar kamar 'yarta. Yaya na riƙe da ƙofa. In ce a buɗe, na ce ban yarda da shi ba kenan. Da wane ido zan ƙara shiga gidanku?"

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya riga ya tsara. Zai karɓa, ya yi godiya, ya riƙa lallaɓa ta a hankali. In aiki ya buɗe sai ya kai ta wani gareji can nesa inda ba a san su ba, a gyara a ɓoye, ba wanda ya ji kunya. Ta tambaye shi aikin ɗaukar hoton yaye ɗalibai da ya karɓa a wani gari fa, na ƙarshen mako, da me zai je. Ya ce da motar mana, ai don irinsa ya saya. Zai fita da wuri, ba zai yi gudu ba.

Auta ta san hanyar. Doguwa ce, siririya, manyan motoci ke tsere a kanta, gefenta rami. Ta gan shi a ranta ƙarara, ya fito zai wuce wata tirela, wata na tahowa, injin ya ɗauke. Ta gan shi yana murɗa makulli yana ba motar haƙuri, don ta san ko mota ce sai ya ba ta haƙuri. Wannan taushin nasa ne ya fara sace mata zuciya. Yau kuma ji ta yi kamar ta kama kafaɗunsa ta jijjiga har haƙoransa su haɗu.

Ta ce masa ashe su uku ne. Yaya ya sani, Baba Sifana ya sani, shi ma da za a cuta ya sani, kowa na yi wa kowa kara, kowa na murmushi, ita kaɗai ce mahaukaciyar da ta ga baƙin abu ta ce baƙi ne. Ta ce in ya mutu a hanyar nan Yaya zai fi kowa kuka, kuma da gaske zai yi, wannan ne ma abin haushin. Ya yi ƙoƙarin mayar da abin wasa, ya ce wanda allura ba ta kashe ba ai mota ba za ta iya ba. Ba ta yi dariya ba. Sai ya roƙe ta, don girman Allah, don son da take yi masa, kada ta ce komai gobe. Saura kaɗan a yi bikin nan, kada ta sa a fara da gaba.

Ta ɗauki laimar Abba ta sauka daga benen. Yana kiranta daga sama, yana cewa ta yi masa alkawari mana. Ba ta waiwaya ba.

A gida ta tarar da Umma a tsakar gida tana ninke tamfol ɗin motar. Wurin da motar ke tsayawa ya yi fayau, sai tabon mai a siminti. Umma ta karɓi tabarau ɗin, ta hura, ta goge da gefen mayafi. Ta ce safiyar nan da motar ba ta nan gidan ya yi mata wani iri, har ruwan shayi ya ƙone ba ta sani ba. Amma ba komai, in ji ta, ai gara haka. Ta ce abin da take so ta gani kafin ta bi Abba shi ne Auta a kujerar gaba, inda ita ta zauna shekara da shekaru, yaron nan mai kunya na tuƙi. Ta ce ta riƙe amanar motar nan iyakar ƙoƙarinta, ko rana ɗaya ba ta bari ta kwana biyu ba a tayar ba, yanzu za ta miƙa ta da lafiyarta.

Maganar na bakin Auta. Ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambaya ko akwai sauran abinci.

Washegari da yamma Yaya ya shigo da motar. An wanke ta, an goge tayoyin har suna ɗaukar ido, an fesa mata turare a ciki. Injin na wani gurnani mai kauri, lafiyayye, irin wanda ta rabu da ji tun tana makaranta. Umma ta dafe ƙirji ta ce kun ji, kamar ranar da Abba ya kawo ta. Mai Hoto ya iso a ƙafa cikin sabon ɗinki, ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya tsuguna ya gaida Umma, ya tsuguna ya gaida Yaya. Ya saci kallon Auta, idonsa na roƙo.

Yaya ya kashe motar, ya ba Umma makullin don ta miƙa da hannunta. Umma ta ce a bari ta tayar sau ɗaya na bankwana. Ta zauna yadda ta saba, ƙafa ɗaya a waje. Auta na tsaye a kanta, riƙe da ƙofa. Umma ta murɗa makullin rabi, ƙananan fitilun gaban direba suka kawo gaba ɗaya kamar kullum. Auta ta nemi jar, mai siffar 'yar buta. Wurinta duhu. Baba Sifana ya ƙi, Yaya ya samu wanda ya yarda.

Har zuwa lokacin ba ta san za ta yi magana ba. Ta kwana tana gaya wa kanta wataƙila Yaya ya ji kunya ya fasa, wataƙila kananzir ɗin ya yi aiki, wataƙila ita ce ke zuzutawa. Amma a ce mutum ya sake ɗaukar mota ya kai wata rumfa, ya tsaya a kai har a zare abu ɗaya tak da zai gargaɗi mijin ƙanwarsa, sannan ya biya a fesa turare.

Ta ɗora hannu a kan na Umma, ta hana ta ƙarasa murɗawa.

"Umma, motar nan ba ta da lafiya."

Yaya ya kira sunanta da muryar da yake tsawata mata tana ƙarama. Ba ta kalle shi ba. Ta durƙusa a gefen kujerar yadda fuskarta za ta yi daidai da ta Umma, ta faɗa mata a hankali, ba ta rage komai ba. Ta ce cikin injin ya cika da laka. Ta ce abin da aka yi jiya rufa-rufa ce, gurnanin nan na ɗan lokaci ne. Ta nuna mata gurbin fitilar. Umma ta san fitilar nan fiye da kowa a gidan, kowace safiya ita take jira ta mutu kafin ta jingina bayanta. Ta daɗe tana kallon wurin.

Sannan ta tambayi me ya kawo lakar.

Yaya ya harɗe hannu yana kallon Auta, wato ga fili.

Ta ce rashin juye ne, shekara da shekaru ana ƙara sabo a kan tsoho. Ta ce da kuma tayarwar safe, tunda ba a fita da ita ta yi zafi.

"Tawa tayarwar?"

"Eh, Umma. Ba ki sani ba. Waɗanda suka sani ba su faɗa miki ba."

Umma ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zare makullin a hankali, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu, ta zuba wa sitiyarin ido. A take ta koma wata 'yar tsohuwa ƙarama a cikin babbar kujera. Auta ta ji kamar an yanki wani abu a cikinta, amma ko da za a mayar da maganar cikin bakinta ba za ta karɓa ba.

Yaya ya ce to madalla, hankalinta ya kwanta, ta ga abin da ta yi. Ya ce ga ilimin asibiti nan, a gaban baƙo ta tsiraita gidansu. Ta miƙe ta ce ba baƙo ba ne, jiya da bakinsa ya ce ɗan gida ne, ko ɗan gidan na ranar da za a kwaso shi daga titi ne kawai.

Sai Mai Hoto ya matso, yana murza hannuwa, gumi ya jiƙa masa sabon ɗinkin. Ya ce don Allah a bar maganar. Ya ce Yaya bai yi laifi ba, Umma ba ta yi laifi ba, kowace mota da halinta, shi ya gani ya kuma yarda, a haka yake so. Ya ce Auta gajiyar aiki ce ke damunta. Ya durƙusa a gaban Umma, ya miƙa tafukansa biyu a ba shi makullin.

Gajiyar aiki. Auta ta dube shi, wannan mutumin da take so har ba ta san inda za ta sa kanta ba, durƙushe yana roƙon a miƙa masa abin da zai kashe shi don kada ran wani ya ɓaci. Umma ta ɗago tana kallonta, ba ta miƙa makullin ba, ba ta kuma hana ba.

Auta ta je ta tsaya a gaban motar, tsakaninta da ƙofar gida. Ta dubi Mai Hoto.

"To ka ji, kowa ma ya ji. Motar nan ba za ta bar gidan nan da ƙafarta ba. Da igiya za a ja ta a kwance ta a kankare da hannu, ina tsaye a wurin, a mayar da fitilar, ko da a tabarma zan tare. In kuwa ka tuƙa ta a haka ka fita ƙofar nan, ka tafi kenan. Kada ka dawo ɗaukata."